Ribas da tirela a Dawanau

Jiya a Kasuwar Dawanau na ga wani sabon direba yana fama da ribas, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf, sai na tuna da kaina. Ni ma a nan na fara, da tirela maƙare da buhunan riɗi, 'yan dako sun yi cirko-cirko suna kallo.

Sitiyari ne ke ruɗa sabon shiga. In ka murɗa dama, gindin tirela hagu zai nufa. A ranar, da ƙarfi nake murɗawa, kafin in ankara kan motar ya kusa haɗewa da bodi. Maigidana ya bugi ƙofa ya ce, "Tsaya! Ja gaba ka miƙar da ita, ba abin kunya ba ne."

Shi ya koya min shiga ta hannun hagu, ɓangaren da nake zaune, don nan ido ke ganin tayoyin baya. Ta dama sai madubi, shi kuwa ba komai yake nunawa ba. Kafin ka sa giya, sauka ka zagaya motar da ƙafarka. Wallahi na taɓa tarar da almajiri yana barci a inuwar taya, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Yaron mota kuma ya tsaya inda kake ganinsa. Da ya ɓace a madubi, taka birki.

Na je na tsaya wa direban nan ta hagu ina ba shi hannu. A karo na uku ta shiga daidai bakin sito.