Sammacin da ke kwance a gundumar da ka baro

A aikina na tafinta a kotunan Amurka, yawancin 'yan'uwanmu da nake ganin an shigo da su da ankwa a hannu ba ɓarayi ba ne, ba kuma 'yan ƙwaya ba. Mutum ne ɗan sanda ya ba shi takardar tara kan gudu ko kan rajistar mota da ta ƙare, aka sa masa ranar zuwa kotu, ya tashi daga gidan da yake kafin ranar, wasiƙar tuni ta tafi tsohon adireshi. Ranar zama aka kira suna, shiru. Alƙali ya sa hannu a sammacin kamu, aka kira shari'a ta gaba. Da wuya a zo a ƙwanƙwasa maka ƙofa kan irin wannan. Sammacin zai yi kwanciyarsa a kwamfuta shekara da shekaru, sai daren da fitilar bayan motarka ta mutu aka tsayar da kai, ɗan sanda ya tafi da lasisinka motarsa, ya dawo yana cewa ka fito.

Kada ka ɗauka abin na mutum ɗaya ko biyu ne. Rahoton Ma'aikatar Shari'a ta Amurka na 2015 kan garin Ferguson a jihar Missouri ya ce zuwa Disambar 2014 mutum sama da 16,000 ne kotun garin ke nema, alhali mazauna garin ba su wuce 21,000 da 'yan kai ba. A 2017 masu gabatar da ƙara na birnin New York suka soke tsofaffin sammaci sama da 640,000 a rana ɗaya, duk kan ƙananan laifuka da suka haura shekara 10. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2016 a shari'ar Utah da Strieff: ko da ɗan sanda ya tsayar da kai ba bisa ƙa'ida ba, in ya duba ya tarar akwai sammaci a kanka, abin da ya samu a aljihunka na iya zama hujja a kotu. Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta ƙi amincewa, ta kuma ambaci cewa sammaci sama da miliyan 7.8 ne ke jibge a rumbunan bayanan ƙasar.

To ta ina mutum zai duba kansa? Nan gizo ke saƙa. Babu shafi guda da za ka rubuta sunanka ya nuna maka Amurka gaba ɗaya. FBI na da babban rumbu, NCIC, tun 1967, amma na jami'an tsaro ne, ni da kai ba mu da ƙofar shiga. Abin da aka buɗe wa jama'a a warwatse yake cikin gundumomi sama da 3,000, kowace da nata tsari. Wata ofishin sherif ɗinta, wato shugaban 'yan sandan gunduma, na da shafin bincike kyauta a intanet. Wata sai ka buga wa magatakardar kotu waya. Wata ba za su ce maka uffan ta waya ba, sai ka zo da katin shaida. Jihohi irin su Florida da Maryland sun ɗan sauƙaƙa da shafin jiha baki ɗaya. Kuma kotun birni daban take da kotun gunduma; tarar da ɗan sandan birni ya rubuta ba lallai ta fito a shafin sherif ba.

Don haka in wani ya ce da ni, "Malam, na duba, ba sunana," sai in tambaye shi a ina ya duba. Kusan kullum a inda yake zaune yanzu ne. Ba can za ka duba ba. Zauna ka tuno duk inda ka taɓa zama, da duk inda aka taɓa tsayar da kai, musamman masu jan tirela da ke ratsa jihohi biyar a mako. A ɗakin magatakarda akan sami kwamfutar jama'a a lungu, wani lokaci da ɗan biro ɗaure da sarƙa a gefe. Buɗe fayil ɗin shari'ar, ka bi layukan kwanan wata zuwa ƙasa. In ka ga haruffan FTA, an rubuta ba ka halarta ba, layin da ke biye shi ne abin dubawa.

Mu muna da wata matsala tamu. Muhammad Ibrahim nawa ne a yankin Bronx na birnin New York kaɗai? Ga shi da yawa daga cikinmu fasfo ya ba mu 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa. Suna ɗaya, rana ɗaya, shekara ce kawai ta bambanta, wani lokacin ma ita ma ta zo ɗaya. Ganin sunanka a shafi bai tabbatar kai ne ba. Dubi adireshi, tsayi, lambar shari'a. Rashin ganinsa ma ba wanke kai ba ne, don akwai sammacin da ake rufewa har sai an yi kamun. Kwamfutar kanta takan yi ƙarya. A shari'ar Herring ta 2009, an kama mutum a Alabama kan sammacin da gundumar maƙwabta ta janye wata 5 kafin nan, ba a dai goge shi ba. Shi ya sa in ka biya tara ko an janye naka, karɓi takarda mai hatimin kotu ka ajiye kwafi a mota.

Shafukan kamfanoni masu cewa ka biya dala kaza su binciko maka, ni ban ga amfaninsu ba. Tsohon bayanin da yake kyauta suke sayar maka. Wanda kuwa ya bugo waya ya ce daga ofishin sherif yake, ka sayi katin kuɗi na kanti, wato gift card, ka karanto masa lambar da ke jikinsa ko a zo a kama ka, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

In ka tarar da gaske akwai, kada ka ɗauki ƙafa ka nufi ofishin 'yan sanda don jin bahasi, ana iya riƙe ka a wurin. Fara da lauya, ko ofishin lauyoyin da gwamnati ke bai wa marasa hali. Sau da yawa lauya kan roƙi alƙali ya janye sammacin ya sa sabuwar rana, kuma alƙalai sun fi sassauta wa wanda ya kawo kansa. Wanda ba ɗan ƙasa ba ya haɗa da lauyan shige da fice kafin ya amsa kowane laifi, komai ƙanƙantarsa. Kuma a gama wannan kafin a sayi tikitin zuwa gida ko Umra, domin jami'an filin jirgi suna ganin wancan rumbun na FBI ranar da ka dawo.