Sifesar taya: haɗarin yana wajen ɗauri

Sifesa faifai ne na ƙarfe, galibi na alminiyom, da ake sawa tsakanin hob, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa, da rim domin a turo taya waje. Wasu suna sa ta don ado, saboda motar tana yin faɗi ta zauna daram idan tayoyin suka fito daidai da gefen jikinta. Wasu kuma larura ce take sa su, kamar idan sabon rim yana gogar birki ko faffaɗar taya tana taɓa shokazoba. Ra'ayina game da amincinta shi ne, faifai mai inganci ba kasafai yake karyewa ba, kuma mafi yawan abin da ake ɗora wa sifesa laifinsa yana samo asali ne daga yadda aka ɗaura ta.

Mutane da yawa suna zaton boltocin taya ne suke ɗauke da nauyin mota. Ainihin aikinsu shi ne su matse rim da hob matsewa mai tsanani, har fuskokin biyu su kama juna yadda ba za su zame ba, kuma wannan kamun ne yake jure nauyi da birki da kwana. Da zarar matsewar ta ragu, rim ɗin zai fara motsi kaɗan kaɗan, boltocin su riƙa lanƙwasa a kowane juyi na taya, har wata rana su gaji su tsinke. Sifesa tana ƙara wata mahaɗa a wurin da a da guda ɗaya ce, don haka ƙofar kuskure ta zama biyu.

Siririyar sifesa, wadda ake zurawa kawai a kan boltocin asali, ita ce aka fi rainawa, ni kuwa ita ce ta fi ba ni tsoro. Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce noti ya shiga bolti aƙalla gwargwadon kaurin boltin. A bolti mai kaurin milimita 12 wanda kowane juyi yake tafiya milimita 1.5, irin na Toyota da Honda, wannan yana nufin juyi 8 cikakku. Sifesa mai milimita 5 ta cinye sama da juyi 3 ke nan, mai milimita 10 kuwa ta cinye kusan 7. Abin takaici shi ne notin da ya kama da juyi 4 kacal zai yi tauri a hannun mai ɗauri kamar komai lafiya, alhali zarensa yana dab da sulɓewa. Saboda haka duk wanda zai sa irin wannan ya juya notin da yatsunsa yana ƙirgawa, idan lissafin bai cika ba ya sauya boltocin da masu tsawo.

Mai kauri, wadda takan fara daga wajen milimita 20, ana ɗaure ta ne da hob da nata notocin, sannan a ɗaura rim a kan boltocin da ke jikinta. Damuwarta iri biyu ce. Notocin ciki suna ɓoye a bayan rim, ba mai ganin su ko ya taɓa su sai ya cire taya. Haka kuma boltocin asali sukan zarce fuskar sifesar, kuma idan babu ramuka a bayan rim da za su shige, rim ɗin zai hau kan bakinsu ya ƙi kwanciya, ko da an ɗaure shi tamau.

Sai ramin tsakiya. Na motocin Toyota da dama milimita 60.1 ne, na Honda 64.1, na Volkswagen 57.1. Sifesa ta ƙwarai tana shiga hob cif cif, kuma tana da leɓe a gabanta da rim zai zauna a kai. Wadda ake cewa tana shiga kowace mota, mai dogayen ramuka barkatai, ba ta da wannan leɓen, shi ya sa sitiyari yake kama rawa idan gudu ya yi nisa. Ban ga hujjar sayen irinta ba, komai arharta.

Kafin a ɗaura, sai an kankare tsatsar fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi fes, domin ɓarɓashin da ya maƙale a tsakani zai murƙushe bayan an yi tafiya, ɗaurin ya saki. A ɗaure notocin da sifana mai awon ƙarfi, ana tsallaka daga wannan zuwa wanda yake fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren, bisa adadin da littafin motar ya faɗa. A Corolla, alal misali, Nm 103 ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Injin ɗaure noti mai aiki da iska ba ya awo, yana iya miƙar da bolti fiye da ƙima. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake dubawa, har da notocin ciki. Kada kuma a jera sifesa biyu a kan juna.

Akwai illar da kyakkyawan ɗauri ba ya kawar da ita. Lambar ET tana nuna tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskarsa mai zama a kan hob, a milimita; raguwarta na nufin taya ta ƙara fitowa waje. Rim mai lambar ET45 idan aka sa masa sifesa mai milimita 20 ya koma kamar ET25, wato nauyin ya matsa nesa da boris, kamar mutumin da ya riƙe kaya ya miƙe hannunsa. Boris da boljoyin za su fi saurin gajiya, sitiyari zai fi jin ramuka da fizgar birki, taya kuma tana iya gogar madigadi idan an yi lodi. A 'yan milimitoci tasirin kaɗan ne, har kamfanin Porsche ya sayar da sifesa mai milimita 5 ga wasu motocinsa. Yawan kauri ne yake ƙara shi, kuma a Jamus sai da takardar amincewa ake hawa titi da sifesa. Wanda yake buƙatar 'yan milimitoci don rim ya kauce wa birki, ba ni da ja da shi muddin ya ƙirga juyin notinsa. Wanda kuwa yake son turo taya milimita 25 ko 30 don ado, shawarata gare shi ita ce ya nemi rim mai ET ɗin da ya dace, ya kuma san cewa boris ɗinsa zai ɗauki ƙarin wahalar ko ta wace hanya ya bi.