Ƙululu a wuyan jariri: abin da aikin jinya ya koya mini

Cikin abubuwan da ke kawo iyaye mata ɗakin duba yara a firgice, ƙululun wuya yana sahun gaba. Yawanci wajen wanka ake gano shi, ko lokacin shafa mai. Yatsa ya bi ta bayan kunne ko ƙeya, sai a ji wani abu kamar ƙwayar wake yana zillewa a ƙarƙashin fata. Daga nan barci ya ƙaurace wa uwa. Kafin gari ya waye ta duba waya, ta ga hotunan ciwon daji, ta tuno ɗan wata 'yar uwa da kumburi ya yi ajalinsa.

Mafi yawan waɗannan ƙululai kaluluwa ce. Kowa yana da ita a wuya da hammata da matsematsi, aikinta tare ƙwayoyin cuta. Shi kuwa jariri kusan kowace cuta baƙuwa ce a jikinsa, don haka mura, ciwon kunne, ƙurajen zafi ko makero duk suna iya tayar da ita. Shi ya sa in an nuna mini wuya, nakan fara cire hula in duba fatar kai, kuma sau da yawa a nan nake samun dalili. Wadda ba ta wuce santimita 1 ba, mai laushi, mai motsi, ga yaro yana shan nono yana wasa, ba abin tayar da hankali ba ce. Takan yi makonni kafin ta sauka, wata ma ba ta ɓacewa gaba ɗaya.

Babban abin da na koya shi ne, cewa uwa "ba komai" ba ya cire mata tsoro. Za ta ce, "To Sista, na gode," ta goya ɗanta ta fita da damuwarta yadda ta shigo da ita. Bayan kwana biyu kaka ta ce a kira wanzami, ko maigida ya biya kemis ya sayo magani. Na taɓa karɓar jaririn da aka yi wa tsaga a kan kaluluwa, wurin ya yi ja ya tara mugunya, abin da zai wuce da kansa ya kai su ga kwanciya a asibiti. Ban ga laifin uwar ba. An sallame ta ne ba tare da an bar mata abin riƙewa ba.

Yanzu yatsanta nake kamawa in ɗora a kan ƙululun. "Maman yaro, kin ji yadda yake gudu? Kin ji laushinsa? Taɓa ɗaya ɓangaren ma." In ta samu ƙaramin irinsa a can, sai ka ga ta sauke ajiyar zuciya. Sannan in roƙe ta ta daina matsa shi kullum, don yawan taɓawa ma yana hana shi kwanciya. Sau ɗaya a mako ya isa.

Ba kowane ƙululu ne kaluluwa ba. Jariri ɗan mako 2 zuwa 8 yakan fito da wani mai tauri a cikin tsokar gefen wuya, yana karkatar da kai gefe guda. Wannan yakan tafi cikin watanni da motsa wuyan da masu gashin ƙashi na asibiti suke koya wa uwa. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ake yi a hannun hagu ita ma takan tayar da kaluluwa a hammatar wannan ɓangaren.

Amma ba na barin kowa ta tafi sai ta maimaita mini alamomin dawowa da bakinta: in ya wuce santimita 2, ko ya yi tauri ba ya motsi, ko ya fito a ramin da ke saman ƙashin wuya, ko ya yi ja da zafi, ko aka kai makonni 4 zuwa 6 bai ragu ba. Zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 2 ba kuwa, ba a kwana da shi a gida. Akwai ciwon daji da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kama muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro. Ya fi kama waɗanda suka tasa, yana girma da sauri, kuma yana jin magani in an zo da wuri.

Abin da ya fi damuna a wajenmu shi ne tarin fuka in ya kama kaluluwa, domin yana zuwa a hankali, ba ya ciwo, ba ya firgita kowa. Ƙululai su haɗe, yaro ya yi ta ramewa, a ce haƙori ne. Don haka kullum sai na tambaya, "Akwai mai tari a gida? Kaka fa? Wa yake kwana ɗaki ɗaya da yaron?" In aka ce akwai, a ranar nake tura su gwaji tare da mai tarin. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma ina faɗa wa uban wannan da kaina, don kada tunanin kuɗi ya sa a koma gida.