Kafin ka zuba wani abu a cikin batirin nan

Ranar Asabar da hantsi na tarar da ɗan ƙanwata tsugune gaban Starlet ɗin ubansa a unguwar Bukoki ta Yamai, ya cire marafan batiri duka shida ya jera a ƙasa. Ruwan leda a hannun dama, ƙullin wani farin gishiri a hagu, waya jingine a kan injin tana nuna masa wani Bature yana "ta da mataccen batiri". Na ce, "Kai, me za ka yi?" Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Kawu, minti biyar ne kawai." Ni ma haka na ce wa kaina shekara talatin da suka wuce, ga shaidar nan a girata ta hagu, inda gashi bai sake fitowa ba.

Cikin bazarar 1994 ne, wata uku bayan an karya darajar sefa da rabi. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, har da batiri. Pijo 504 ta mahaifina ta fara gardama da safe: ka murɗa makulli ta yi ƙyat-ƙyat ta yi shiru, sai an kira yaran unguwa an tura. Na leƙa ciki na ga ruwa ya ja baya, kawunan farantan dalma sun fito fili. Na ɗebo ruwan pampo na cika. Ban san gishiri da ƙarfen da ke cikin ruwan pampo suna lalata farantan a hankali ba, kuma wa zai gaya mini? Ba mu da waya, ba mu da intanet, abin da muka ga manya na yi shi muke yi.

Da abin bai yi ba, wani mai gyara ya ce asid ɗin ne ya tsufa, in ƙara sabo. Na saya a kwalba na ƙara. Mota ta tashi! Sati biyu tana tashi bugu ɗaya, ni kuwa na zama gwani a layinmu. Batiri uku na maƙwabta na yi wa wannan magani, uku ɗin kuma suka mutu kafin damina ta tsaya. Har yau ina cewa da ma can sun kama hanyar mutuwa, zafin Yamai da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu ba ya barin batiri ya yi tsawon rai. Gaskiya ne. Amma dai ni na ƙarasa su. Abin da ke raguwa a batiri ruwa ne kaɗai, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba. In ka ƙara masa wani, ka tsananta haɗin, ya riƙa cin farantan.

Na mahaifina ya sake yin sanyi ana gobe za shi Tawa ɗaurin aure. Na aro abin caji, na shigar da batirin ɗakin ajiya, na rufe ƙofa saboda kada a sace, na buɗe wuta har ƙarshe don ya cika da wuri. Bayan isha'i wuta ta ɗauke. Na shiga cikin duhu ina jin ruwan yana ta ɓararraka kamar tukunya, na ce bari in ga ko ya ragu. Na ƙyasta ashana na kanga bakin ramin.

Ƙarar ban ji ta sosai ba, zafin na ji. Murfin batirin ya tsage, asid ya wanke mini gefen fuska. Batiri in yana caji iskar haidurojin yake fitarwa, ba ta da launi ba ta da wari, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta san wannan ba, amma ta ja ni bakin randa ta yi ta kwarara mini ruwa a ido har randar ta ƙare ta koma ta biyu. A asibiti aka ce ruwan nan ne ya ceci idon. Babbar rigar da Baba ya rataye a ɗakin don tafiya, da safe ta zama rariya. Bai zage ni ba, bai ce uffan ba, ya sa wata ya tafi tasha. Da ma dukana ya yi.

Na zo da niyyar jera muku shawara goma, amma na san ku, ba ku kaiwa ƙarshen saƙon da ya wuce layi huɗu.

Auna kafin ka taɓa komai. Na'urar awon wuta ba ta kai kuɗin katin da kuke ƙonawa a TikTok cikin wata ba. Batirin mota ɗaki shida ne, kowanne wajen volt 2.1. In ya huta ya nuna 12.6 a cike yake, 12.2 rabi, in kuwa bayan caji ya koma wajen 10.5 to ɗaki guda ya mutu, babu gishiri ko asfirin da zai ta da shi. Ka ta da injin ka sake aunawa: in ba ka ga tsakanin 13.8 da 14.4 ba, dinamo ne ba ya caji daidai, ka bar batiri ya sarara. Sau da yawa ma matsalar farin garin nan ne da ke taruwa a kawunan batirin, inda wayoyi ke kamawa. Cire baƙar waya da farko, ka goge da ruwan kanwa, ka mayar da ita a ƙarshe. Kanwar nan kada ɗigo ya shiga ciki.

Kada ka buɗe batiri. To, in mai marafai ne kuma ruwa ya ja baya, buɗe, amma tataccen ruwan batiri wanda babu asid a ciki kaɗai za ka zuba, daidai ya rufe farantan. Caji a tsakar gida cikin inuwa, a hankali, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa: mai lamba 60Ah ka ba shi amfiya 6, ya kwana. Babu taba, babu ashana. In ba ka da haƙurin kwana ɗaya, kai shi wajen mai gyara, ko da yake ni mai gyara ne ya koya mini zuba asid, don haka ka tsaya a kansa ka ga abin da yake zubawa.

Na yaron nan mun yi masa caji ya kwana, da safe ya nuna 10.4. Na ce ya kai shi kasuwar Katako wajen masu sayen tsohuwar dalma, kada ya juye ruwan a kwata inda awaki ke sha. Ya ɗora shi a babur, ya ɗaure, sannan ya waiwayo.

"Kawu, to gishirin fa, in ajiye shi don wani karo?"