Matar nan ta Kerala mai rungumar mutane

A Indiya dai malaman addinin Hindu masu mabiya ba sa ƙirguwa, amma ita wannan da ake ce wa Amma, wato Mata Amritanandamayi, tata hanyar daban ce, zama kawai take yi mutane su yi layi tana rungumar su ɗaya bayan ɗaya tana yi musu raɗa a kunne, wani lokaci tun safe har tsakar dare ba ta tashi ba. Mutanenta sun ce waɗanda ta runguma sun haura miliyan 30. Da yawa cikin mabiyanta kallon abar bauta suke mata, wannan kam ba tamu ba ce. Ni aikinta ne ya ja hankalina.

An haife ta a 1953 a Parayakadavu, wani ƙauyen masunta a bakin teku a jihar Kerala, iyayenta suka raɗa mata Sudhamani. Tana wajen shekara 9 ta bar makaranta saboda mahaifiyarta ba lafiya, ita ce girki ita ce wanki ita ce reno. Takan bi gida gida tana karɓo ragowar abinci don shanunsu, a nan ta riƙa ganin waɗanda ko na kaiwa baki ba su da shi, sai ta koma ɗibar abinci da tufafin gidansu tana kai musu, ta kuwa sha faɗa da duka a kan haka.

Inda na sara mata shi ne lokacin tsunami, wato gagarumar ambaliyar teku, na 26 ga Disamba 2004. Cibiyarta Amritapuri tana kan wata 'yar siririyar ƙasa ce, teku ta nan tafki ta can, ruwa ya shigo har ciki, ba gada kusa, da kwale-kwale aka riƙa tsallakar da mutane. Ƙungiyarta ta yi alƙawarin rupi biliyan 1, ta gina gidaje sama da 6,000 a Kerala da Tamil Nadu da tsibiran Andaman har da Sri Lanka. Sannan suka gina gadar kanta, Amrita Setu, shugaban ƙasar Indiya na lokacin Abdul Kalam ya buɗe ta a 2006. Rabon shinkafa kowa zai iya, amma a ce an zauna an duba me ya hana mutane gudu ran nan, ai sai mai hange.

Akwai babban asibitinsu a Kochi tun 1998, ga wani a Faridabad kusa da Delhi mai gado 2,600 da aka buɗe a 2022.

Ba wai ba a sukarta ba fa. A 2013 wata tsohuwar hadimarta 'yar Ostireliya ta fitar da littafi da zarge-zarge masu nauyi kan abin da ta ce yana faruwa a cibiyar, su kuma suka ƙaryata, har yau dai kowane ɓangare na kan bakansa.