Maganin ƙanjamau da ƙodar Kawu

Kawuna ya yarda in rubuta wannan, sharaɗinshi ɗaya, kar in faɗi suna ko unguwa. Direban tifa ne nan cikin Katsina, ya daɗe yana shan maganin ƙanjamau, ƙwaya ɗaya kullum da dare, waccan da ake ce ma TLD. Magani uku ne a cikinta, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma wallahi ta yi mashi aiki don in ka ganshi ba za ka ce yana da wani ciwo ba.

Da bazarar da ta wuce ne ya fara ƙorafin kasala da ciwon ƙashi da yawan fitsari, dare ɗaya sai ya tashi sau huɗu. Mu duk mun ɗauka suga ce. Na kai shi asibiti aka auna jini, suga lafiya lau, amma a fitsari ga suga nan har da furotin. Nan likita ya aje biro ya ce a auno kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, in ya taru to ƙodar ta fara gazawa.

Yadda ya yi mana bayani, cikin ukun nan tenofovir ce ke iya taɓa ƙoda. Akwai wasu ƙananan bututu a cikin ƙoda da ke maido suga da sinadarin fosfet cikin jini, to in maganin ya taru a nan sai su fara yoyo, fosfet ya bi fitsari, shi ya sa ƙashi ke ciwo. Ba kowa take yi ma haka ba, mafi yawa suna sha shekara da shekaru ba komai. Wanda ya haura 50, ko marar jiki, ko mai hawan jini ko suga, su ne abin ya fi kamawa.

Sai ya tambaya, "Baba, ban da wannan me kake sha?" Kawu ya ce babu. Na ce Kawu ka faɗi gaskiya mana, diclofenac ɗin da ke cikin tifa fa? Ashe kullum sai ya haɗiye biyu saboda ciwon baya, daga kemis kawai yake saye, ga wani jiƙo na basir da ba wanda ya san me aka zuba ciki, ga zafin watan Afrilu mutum ya wuni cikin mota bai sha ruwan kirki ba. Ƙodar ma ai ta yi haƙuri.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Kawu cewa ya yi shi kenan ya daina shan maganin. Likita ya ce kul! Ita kanta ƙwayar cutar in aka sake ta tana cin ƙoda, kuma ta fi yi ma baƙar fata haka. Sannan tenofovir tana danne ciwon hanta nau'in B, mai shi in ya tsaya kwatsam hanta na iya rikicewa, don haka sai da aka gwada hantar Kawu, aka ga ba shi da shi, kana aka canza mashi tenofovir ɗin zuwa abacavir, wani maganin ƙanjamau ne shi ma.

Ni dai haushina ɗaya, duk tsawon shekarun nan yana amsar magani bai tuna ranar da aka auna mashi ƙoda ba, shi ma bai san ana tambaya ba.

Bayan wata uku aka sake gwaji, lambar kiriyatinin ɗin ta ɗan sauko, fitsarin dare ya ragu. Jiya na leƙa tifar, jarkar ruwa na gani a inda katin diclofenac yake zama, jiƙon dai har yanzu muna rigima a kanshi.