Sai da Malamai Suka Daina Tsoron Ruwa

A bazarar da ta wuce aka ba ni aikin koya wa malaman yara masu buƙata ta musamman yadda za su shiga ruwa da ɗalibansu. Mun ari wurin ninkaya na wani otal a nan Zariya, mata da safe an kewaye da labule, maza bayan la'asar. Tun ranar farko na ga ba yaran ne matsalar ba. Yawancin malaman ba su iya iyo ba, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni da gargaɗin iyaye kan kududdufi ya girma, ga nutsewa ga tsargiya.

Na bi tsarin koyar da iyo na Halliwick, wanda James McMillan ya faro a Landan a 1949 da 'yan mata masu naƙasa. Matakai goma ne, na farko shi ne sabawa da ruwa, kuma ba a sa wa yaro tayar roba. Hannun malami ne madogararsa, ana janyewa a hankali. To, hannun da ke rawa ina zai riƙe yaro? Shi ya sa muka daɗe a ruwa iya ƙugu, manyan mutane suna hura kumfa da baki. Wata dattijuwar malama ta damƙe min hannu har sai da farcenta ya yi shaida, tana cewa, "'Yar nan, kar ki sake ni!" Ranar da ta kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ta, ta ce yanzu ta gane abin da ɗalibarta mai shanyewar ƙafa za ta ji. Gaskiyarta: in ruwa ya kai wuya, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum kawai ƙafafu ke ɗauka.

Dogon hijabi mun ajiye shi, domin yana tasowa ya rufe fuska. Riga da wando masu kauri da hula sun wadatar. Usur ba ya yi wa kurma amfani, sai jan ƙyalle. Makaho kuwa a zagaya da shi ya shafa bakin wurin da matakala kafin ya jiƙa ƙafa.

Inda muka fi yin gardama shi ne farfaɗiya. Wasu sun rantse ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗauka. Mai ita malami guda ake ware masa. In ta tashi a ruwa, a tallafe kai sama, kar a cusa komai a baki, ta lafa a fito da shi a kwantar da shi ta gefe, sannan asibiti. Na kuma sa kowa ya yi gadi daga waje yana ƙirga kawuna, domin yaron da ke nutsewa ba ya ihu.

Da hunturu ya shigo muka dakata, ruwan ya yi wa yaran sanyi.